Akushin Hannu Biyu

"Ba zan goge ba."

Manaja ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau, kamar bai ji da kyau ba. Magogin da ya turo mata yana nan a bakin takardar, fari, sabo, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Ta bayan bango injin buga littattafai yana ta ƙugi, teburin yana ɗan rawa a ƙarƙashin tafin hannunta.

Shekararta huɗu tana zane a maɗaba'ar. Duk hoton da ke cikin littattafan karatun yara da suke bugawa, tun daga akuya har jirgin ƙasa, daga hannunta ya fito. Tun tana makaranta ake ce mata Fensir, saboda doguwa ce siririya, kuma ba a raba ta da fensir soke a gefen ɗankwali. Sunan ya bi ta har wurin aiki, ita kuma ba ta taɓa hanawa ba.

Abin da ke kan teburin zanen akushi ne, kwanon itace da ake sassaƙawa da hannu, ta zana shi daga sama kaɗan yadda ana ganin cikinsa. Za a sa shi a shafin sana'o'i, a rubuta a ƙasa cewa aikin wani tsohon masassaƙi ne da har yanzu yake raye. Mai littafin ta gani ta yaba, amma rabi ta yaba. Ɓangare ɗaya, in ji ta, ya yi kyau kamar mutum ya miƙa hannu ya ɗauka. Ɗayan kuwa kamar kaji sun yi tono a kai. A goge wannan, a ci gaba da mai kyaun har ya zagayo.

Manaja ya ce aikin yini ɗaya ne. Fensir ta ce haka akushin yake. Ya ce ba wanda ya tambaye ta yadda akushin yake, yara 'yan shekara takwas ne za su duba. Ta ce idan ta goge, ya tashi daga na tsohon, ga shi kuma an rubuta a ƙasa nasa ne.

"Matsalarki ke nan, Fensir," in ji shi. Ya cire tabarau ya murza idanu. "Kin yi karatu, kin iya aiki, amma kanki kamar ƙofar da ta sha ruwa ta kumbura. Takardar nan tamu ce, lokacin da kika ɓata a kanta namu ne. Ranar Litinin in same shi a nan a gyare. In ba haka ba, kada ki wahalar da kanki da zuwa."

Ta naɗe zanen a hankali, ta zura shi a bututun kwalinsa, ta rufe. Magogin ta bar masa a inda ya ajiye. Masu ɗinkin littafi da ke zaune a baranda suka bi ta da kallo har ta fita. Ranar Juma'a ce, da yamma.

Katanga ɗaya ta raba gidansu da na mai akushin. Duk layin Bahago ake ce masa, don da hannun hagu yake komai, sai ci da gaisuwa. Fensir ta buɗe ido ta tarar da ƙarar gizagonsa a duniya, kamar yadda ta tarar da carar zakara. Da safe, kafin a tafi makaranta, za a ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa, ba tsayawa. Tana ƙarama takan tsallaka ta zauna a cikin ɓawon itacen da ke zuba, shi kuma ya jefo mata guntun katako da gawayi, ya ce ta zana masa fuskarsa, amma ta rage masa hanci.

Wata bakwai da suka wuce ƙarar ta tsaya a tsakiyar safiya. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta fito ta same shi a kife a gefen kututture, akushi rabin sassaƙa a tsakanin ƙafafunsa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun da ya yi shekara hamsin yana ciyar da gidan ya koma kwance a cinyarsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Wata biyu layin ya yi shiru. Sai wata safiya aka ji ƙwas. Aka jira. Can kuma ƙwas. Fensir tana wanke fuska a tsakar gida ta tsaya da ruwa a hannu. Ya sa an jingina shi da bango, ya matse akushin da ƙafa, ya ɗauki gizago da hannun dama. Aikin da a da yake gamawa cikin kwana huɗu, sai da ya ci masa wata huɗu.

Da maɗaba'a ta buƙaci hoton akushi, wurinsa ta nufa. Yammaci biyu ta zauna ta gama, ta miƙa masa tana jiran yabo, don ba ta saba jin wani abu ba sai shi. Ya riƙe takardar nesa da fuska ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi kyau," in ji shi, bakinsa yana ja gefe ɗaya. "Na wane ne?"

Ta ce nasa mana.

Ya girgiza kai. Ya sa ta kawo akushin kusa da taga, ya karkata shi har haske ya kwanta a ciki, ya nuna mata abin da ta yi shekara ashirin da biyar tana gani ba ta lura ba. Saran gizago yana da inda yake kwanciya. Na mai hannun dama yakan kwanta haka, na bahago haka. Ita kuwa ta bi yadda wuyan hannunta ya saba tafiya, ta jera layuka masu kyau duk sun fuskanci gefe ɗaya, tun daga farko har ƙarshe.

"Kin zana akushin da ba wanda ya sassaƙa, Malama."

Ita da ta fi kowa maki a ajinsu shekara uku a jere. Ta karɓi takardarta ta fita ko sallama babu. Kwana uku ba ta leƙa gidan ba. A na huɗu ta dawo da sabuwar takarda da fensira shida, ta zauna a bakin taga. Mako uku ta yi, sara bayan sara, tana bin kowane layi da ido kafin ta taɓa takarda. Ana saura kwana biyu ta gama numfashi ya fara yi masa wuya, aka kai shi asibiti. Bai ga ƙarshen zanen ba.

Da ta shiga gida ranar Juma'ar nan, Umma tana kan keken ɗinki. Ba ta tsayar da ƙafa ba ta ce an dawo da Baba Bahago daga asibiti da rana, likita ya ce a kai shi gida ya huta. Fensir ta tambaya ko ya ji sauƙi ne. Umma ta ce likita dai ya ce ya huta. Ta gane.

Ta ajiye bututun a kan akwati ta gaya wa Umma abin da ya faru, a taƙaice, kamar labarin wata. Nan ne keken ya tsaya. Umma ta ce ai abu mai sauƙi ne: ta sami wata takarda ta zana musu sumul yadda suke so, ta riƙe wannan a gida, kowa ya huta. Fensir ta ce ta riga ta zana irin wannan sau ɗaya, an kuma gaya mata ko mene ne. Kuma a ƙasansa za su rubuta aikinsa ne.

"To sai me? Zai karanta ne?"

"Ni zan karanta."

Umma ta daɗe tana kallonta. Tun rasuwar mahaifinsu, da albashin Fensir da keken nan ake riƙe gidan, ga ƙannenta biyu mata a makaranta. Umma ba ta lissafa mata ba, don ba ta saba ba. Ta ce kawai, "Wannan taurin kan ba a nonona kika sha shi ba." Ta mai da ƙafa kan keke.

Washegari da hantsi Fensir ta ɗauki bututun ta zagaya. A tsakar gidan kututturen yana nan, an kife roba a kansa, gizago rataye a ƙusa, ɓawon itacen da ya saba cika wurin an share tas. Ta ɗaga ido zuwa kantar da akushin yake zama a gefen taga. Babu shi. Sai da'irar gindinsa a cikin ƙura.

Babban ɗan gidan, direban babbar mota ne, ya iso jiya daga tafiya, yana tsugune yana wanke ƙafa. Ya ce shi ya ɗauka. Ya kai wa kafinta na bakin layi ya goge shi da takardar yashi ya shafa masa mai. Mutane za su yi ta zuwa dubiya, in ji shi, ba ya so a riƙa ɗaga wannan ana cewa ga aikin Bahago na ƙarshe. Mutumin da ake zuwa daga nesa neman aikinsa. Yana magana yana kallon ƙafarsa, idanunsa jajur, da gani bai yi barci ba.

Ta juya ta fita, ba da gudu ba, amma duk wanda ya gaishe ta a hanya bai sami amsa ba.

Kafinta yana bakin rumfarsa yana shan shayi. Ya gan ta ya washe baki, ya nuna mata benci. Akushin yana kai a kan tsohuwar jarida, yana sheƙi, man da aka fara shafa masa yana bushewa. Ciki da waje sumul kamar ƙwai. Ya ce tun da sassafe ya zauna a kai, rabin nan ya ba shi wuya, sai da ya ci itace sosai kafin ya daidaita, amma ai Baba ya wuce a yi masa aikin wasa. A ƙarƙashin bencin gari ne ja-ja ya taru, kaza tana takawa.

Fensir ta tsaya tana kallon garin. Ta jira ta ji wani abu, fushi ko kuka, ba abin da ya zo. Ta ce masa sannu da aiki, ta koma.

Ɗakin Bahago yana warin man zafi da tsohon itace. An ɗaga labule rabi. An tokare shi da matasai uku, ya rame har wuyan rigarsa ya koma kamar na aro. A kan kujera akwai kofi da cokali a ciki, da jakar magunguna da ba a kwance ba. Inna tana zaune a bakin gado da mafici. Ta yi wa Fensir alama da ido wajen kantar akushin, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Malama," in ji shi. Muryar ta yi ƙasa, sai an matso. "Kin zo neman mutumin naki? An kai shi aski."

Inna ta sunkuyar da kai. Fensir ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta kawo masa wani abu. Aka ɗauko faranti mai faɗi aka kife a kan cinyarsa, ta warware takardar a kai, Inna ta danne gefe ɗaya da hannu guda, ita ta danne kusurwa biyu.

Idanunsa suka fara daga baki, suka bi da'irar a hankali. Fensir ba ta zagaye ta da ma'auni ba; ta bar ta yadda take, da ɗan tudu a gefe ɗaya inda itacen ya ƙi. Ta fitar da jijiyoyin itacen, siraran layukan da suke gangarawa ciki su haɗu a gindi kamar ruwa a kwari. Ta fitar da idon itacen, baƙin tabon da reshe ya bari, da 'yar tsagar da ta fito daga cikinsa ba ta kai tsawon farce ba. Inuwar da ke cikin akushin ta yi ta da fensir mai laushi, hawa-hawa, har mutum yana jin zurfin a idonsa. A kan wannan duka kuma ga saran, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bakinsa mai haske da gindinsa mai duhu.

Ya ɗaga hannun dama. Ya miƙa yatsa. Bai taɓa takardar ba, ya tsayar da shi sama da ita kaɗan, kamar mai gudun ƙona hannu.

"Nan na fara," in ji shi.

Ya bi layukan, dogaye, masu kwanciya gefe ɗaya, a jere kamar gashin tsuntsu. Ya ce wannan duk safiya ɗaya ce. Ya tsaya a wani wuri inda saran ya ɗan yi faɗi ya dushe, ya ce a nan gizago ya dakushe, ya yi ƙyuyar tashi. Gaba kaɗan layukan suka koma sirara masu kaifi, ya ce a nan Inna ta yi masa gori ya tashi ya wasa. Inna ta ce ita ba ta tuna ba. Ya ce ai ita gori ba ta lissafa shi, kamar numfashi yake a wurinta.

Ya tambayi Fensir yadda ta yi ta fitar da bambancin kaifi da dakushi da fensir kawai. Ta ce ta canza fensir, ta kuma rage nauyin hannu. Ya gyaɗa kai kamar yadda mai sana'a yake gyaɗa wa ɗan'uwansa.

Sai yatsan ya iso inda wani sara ɗaya ya fita daga layi. Dogo ne, ya fara daidai, ya kauce, ya ja ƙasa har kusa da gindi, ya yi zurfi a ƙarshe. Yatsan ya tsaya a nan. Maficin Inna ma ya tsaya.

"Shi ke nan nasa," in ji shi, ya dubi hannun da ke kwance a gefensa. "A nan ya ajiye aiki, ko sallama bai yi mini ba."

Daga nan rabin da mai littafi ta ce kaji sun yi tono ya fara. Gajeru, karkatattu, wasu sun nutse, wasu ko fatar itacen ba su kama ba, duk sun juya sun fuskanci ɗaya gefen. Bahago ya bi su a hankali fiye da na farkon. Ya ce dubi wannan, kamar haƙoran yaro. Ya ce waɗannan ukun kwana guda suka ci. Ya ce a nan ya ce ya bari, ya yi mako bai taɓa ba. Yatsan ya ci gaba. Layukan suka fara tsawo kaɗan-kaɗan, suka fara bin juna, ba su kai na farkon ba, amma sun daina faɗa da juna.

"Kin gani? A nan ya fara hankali. Shekara saba'in yana cin abinci a banza, sai da ya tsufa ya koyi sana'a."

A ƙarshe, inda da'irar ta rufe, saran dama na ƙarshe ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da saran hagu na farko, ɗaya ya kwanta nan, ɗaya can. Ya daɗe a wurin. Ya ce shi da ya sassaƙa bai taɓa ganinsu tare haka ba, don idan ya duba wannan gefen, wancan yana cikin inuwa.

Numfashinsa ya yi sama, aka ba shi ruwa a cokali. Inna, wadda Umma ta riga ta ba ta labari ta kan katanga tun da safe, ta ga dama ta samu. Ta ce masa yarinyar nan fa a kan wannan takarda za ta rasa aikinta, an ce ta goge rabi ta ƙi, ya yi mata magana ko shi za ta ji.

Ya juyo da ido wajen Fensir.

"Goge musu, 'yar nan. Itace ne. Itacen ma an riga an goge."

"A'a, Baba."

"Ni ma ba za ki ji tawa ba?"

"Kai ka ce na zana akushin da ba wanda ya sassaƙa. Ba zan sake ba."

"Na faɗa ne ina da ƙarfi. Yanzu ga ni kwance."

Hannuwanta suna kan kusurwoyin takardar, ba ta ɗaga ba. Inna ta ce ikon Allah, wannan yarinya ko dutse aka haifa sai haka. Rabin bakin Bahago ya motsa. Da yana da lafiya, da dariya ce.

Ya rufe ido har suka ɗauka barci ya yi. Can ya buɗe.

"To in haka ne, kin bar ɗaya."

Ta ce ba ta bar ko ɗaya ba, sau uku ta bi su.

Ya ce akwai. A ƙarƙashin baki, a farkon aikin dama. Ranar da ya fara, ya yi sara biyar duk suka kauce, sai ya ɗaga gizagon ya maka wa akushin da gangan, da nufin ya fasa shi a huta. Bai fashe ba, sai rami ya yi. Da ya huce ya kwaɓa garin itace da danƙo ya cike, ya shafe da yatsa, don kada Inna ta gani ta ce ya fara taɓuwa.

Fensir ba ta taɓa zana abin da idonta bai gani ba. A makaranta ma abin da ta fi alfahari da shi ke nan. Akushin kuma yana can a kan benci yana sheƙi, ba sauran inda za a duba. Ta zaro fensirin daga ɗankwalinta.

"Ina ne?"

Yatsan ya nuna. Ta ɗora bakin fensir. Ya ce ƙasa kaɗan. Ya ce a karkace, ba a miƙe ba. Ya ce ya fi haka zurfi, da haushi aka yi shi. Ta danna, ta ƙara duhu a gindin, ta bar bakin da haske.

"Shi ne," in ji shi. Ya sauke hannun a kan bargo. "Naɗe abinki."

Ranar Lahadi, rana ta ɗaga sosai, tana wanki a tsakar gida. Ta ji Inna ta kan katanga tana kiran ɗanta, sau biyu, ba da ƙarfi ba, da wata murya da ba ta san ta da ita ba. Sai ƙarar bokiti da aka ture. Umma ta fito daga ɗaki tana neman mayafi, takalmi ɗaya a ƙafa. Fensir tana riƙe da rigar makarantar ƙanwarta. Ta matse ta, ta yarfa, ta shanya, ta sa maƙalai biyu. Ta ɗauki ta gaba. Sai da ta gama bokitin duka ta wanke hannu ta zagaya.

Kafin yamma an kai shi an dawo. Gidan ya cika, takalma har bakin titi. Ta zauna cikin mata a gefen kututturen, ana miƙo mata kofuna tana miƙawa gaba. Kafinta ya shigo da akushin naɗe a jarida, ya ba direban. Aka ɗora shi a kantarsa, a kan da'irar ƙurar. Masu gaisuwa suka riƙa ɗagawa suna shafawa, suna juya shi a haske. Wani tsoho ya ce a duba, mutum da ciwo amma hannu bai canza ba har ƙarshe. Direban ya gyaɗa kai, ya share ido da gefen hannu. Ya dubi inda Fensir take, ta dube shi, ya kau da kai.

Ranar Litinin ta yi wanka ta sa kayan da ta fi so. Ta tsaya a kantin kayan rubutu a hanya. Ƙarfe takwas daidai tana gaban teburin Manaja. Ta zare takarda daga bututu ta shimfiɗa masa: fara fat, irin waccan, girma ɗaya, kauri ɗaya.

Ya tambaye ta mene ne wannan.

"Takardarku. Lokacin kuma ku cire a inda kuka ga dama."

Ya ce ya ji an yi musu rasuwa, ya yi mata gaisuwa, ya ce ta je ta huta kwana biyu ta yi tunani, shi ba ya son rasa ta. Ya ce yanzu ma ai mai akushin ba ya nan, wa zai ce ba haka yake ba? Ta ce shi ya sa. Ta ajiye makullin durowarta a kan farar takardar, ta kwashe fensiranta a leda. Masu ɗinkin littafi suka ce sai yaushe, ta ce sai an gan ta.

Ba a kira ta ba, ita ma ba ta koma ba. Wata biyar ta yi tana zaga ofisoshi da jakar zane-zanenta. Garin ba shi da girma, kuma Manaja ya san mutane. Aka cire ƙaramar ƙanwarta daga makarantarta aka mai da ita wata mai nisa, da ƙafa take zuwa. Umma ta fara karɓar ɗinkin da a da take mayarwa, ta sayi tabarau, kuma tsakaninta da Fensir magana ta koma ta gishiri da ashana. Littafin ya fito. Akushin da ke shafin sana'o'i da kwamfuta aka yi shi, zagayayye, sumul, ba a rubuta komai a ƙasansa ba.

Wata yamma Inna ta shigo, karo na farko tun rasuwar. Ta zauna a bakin tabarma, aka gaisa. Ta ce akushin nan da ke kan kantar taga ta zuba maɓallai a ciki, ba ta iya kallonsa, kamar baƙo. Ko takardar nan tana nan?

Fensir ta ɗauko bututun daga bayan akwati ta warware a ƙasa, ta danne kusurwoyin da kofi da almakashin Umma. Inna ta matso. Ta bi layukan da ido har ta kai ƙarƙashin baki, inda ɗan ramin yake. Ta ɗaga yatsa ta tsayar da shi sama da takardar kaɗan, ba ta taɓa ba.

A ɗaki keken Umma yana ta tafiya.